Yadda muka shigo da haske falo da kicin ɗinmu

Gidan da muke ciki a Hotoro, nan Kano, surukina ne ya gina shi a farkon shekarun 1990, Allah ya jiƙansa. Ya gina shi da tunanin mutanen zamaninsa: doguwar katanga, ƙananan tagogi, komai a rufe saboda zafi da idon mutane. Ginin yana da ƙwari, har yau babu inda ya tsage. Amma falon da kicin ɗin duhu gare su. Da azahar tsaka, rana na ƙwallawa a waje, sai an kunna ƙwai kafin a zura zare a allura. In aka ɗauke wuta kuwa, tsintar shinkafa sai a tsakar gida.

Bangon falon rabi biyu ne, ƙasa fentin mai ne ruwan makuba, sama ruwan ƙwai da ya dafe. Kafet ruwan hanta daga bango zuwa bango, labulaye masu kauri ninki biyu, kujeru ruwan ƙasa. Kicin kuma taga ɗaya ce gare shi, ƙarama, can sama, ga shekarun da aka yi ana girki da risho kafin a koma gas sun bar wa silin da bango baƙin hayaƙi. Duk wanda na yi wa maganar gyara, amsarsa ɗaya ce, wai a yi farin fenti. Fentin mun yi shi, amma shi ne kusan na ƙarshe a aikin, kuma ba shi ya fi kawo canji ba.

Mun tsayar da lokaci a watan Oktoba na 2024, kuma da dalili. Da damina bango na riƙe da danshi, fentin da aka shafa masa ba ya kamawa, daga baya ya yi ta kumbura yana ɓarewa. Da hunturu kuma ƙura ce za ta manne a ɗanyen fenti tun bai bushe ba. A Kano tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar ƙura 'yan makonni ne kawai, to a cikinsu muka cusa aikin.

Kafin a kira ko ma'aikaci ɗaya, na sauke labulayen gaba ɗaya, na zuba ido in ga ta ina rana ke shigowa da safe, da azahar, da la'asar. A nan na gane falon tagogi uku gare shi amma da ɗaya da rabi muke amfani. Ta gabas, wadda ya kamata ta riƙa ba mu hasken safiya, katon kabet mai gilashi ne ya tokare rabinta, cike da kwanukan jeren Hajiya, mahaifiyar maigidan. Ta kudu tana fuskantar katangar gidan, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, katangar kuma siminti ne tsirara da ya yi baƙi saboda ruwan sama. Ta yamma ce kawai a sarari, ita kuma ba a iya buɗe ta daga la'asar saboda zafi. Ga ragar sauro da ke jikin tagogin, wadda ƙurar shekaru ta toshe ta har in ka kara hannu a bayanta da ƙyar ka ga inuwarsa. Gilasan luba guda biyu da suka fashe tun tuni kuma an maye gurbinsu da falanki.

Maganar kabet ita ce ta fi komai wuya, don ba aikin kuɗi ba ce. Kwanukan nan da su aka kawo Hajiya gidan miji, akwai 'yan tasoshi da samiru da ba a ƙara yin irinsu. Ban tura mata ɗanta ba, ni na je da kaina bayan sallar la'asar, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, so nake ku ba ni izini a matsar da kabet ɗin nan zuwa bangon da ba taga, ko hasken safiya ya samu hanya."

Ta dube ni ta ce, "Matsarwa ko fitarwa? Don na san halinku 'yan zamani, daga matsarwa sai sito."

Na ce, "Matsarwa dai, Hajiya. Kuma ni zan wanke su ɗaya bayan ɗaya in mayar."

Ta ce to, amma da sharaɗin tana zaune za a ɗaga shi. Haka aka yi. Ta sa aka kawo mata kujera, tana nuna wa yaran da suka ɗauka inda za su kama. Da aka janye shi, hasken da ya faɗo tsakiyar falon washegari da safe ya isa ya kashe gardamar, ko da yake ba ta ce komai ba, sai dai ta ce bangon bayan kabet ɗin ya fi sauran tsabta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk aikin shi ne katangar kudu. Mai fentin da muka ɗauka, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, shi ya kawo shawarar. Ya leƙa ta tagar ya ce mini, "Hajiya, wannan katangar ce ke shanye muku haske. A fara da ita kafin a taɓa ciki." Aka kankare ta da buroshin waya, aka toshe ramukanta, aka yi mata farin fentin waje shafi biyu. Rana takan sauka a kan katangar da lungun da ke tsakani, farin ya maido da hasken cikin falo, amma zafin bai biyo shi kamar yadda yake yi in rana ta shigo kai tsaye ba. Gefen falon da a da ko fuskar baƙo ba a gani sosai, sai ga shi ana karatu a wurin. Kuɗin da wannan ya ci bai kai na labule ɗaya ba. Aka kuma rage wa darbejiyar da ke kusurwa rassan ƙasa, aka bar na sama saboda inuwar rufi. Rumfar kwanon da ake ajiye mota, wadda ta rufe saman tagar gabas, aka cire mata falle biyu aka sa na roba mai shigar da haske.

Magini ya so a fasa tagar yamma a faɗaɗa ta, a sa mata babban gilashi irin na sababbin gidaje. Abban yara ya ɗan karkata, ni na ƙi. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Kano ya san zafin yakan haura digiri 40, kuma ranar la'asar ita ce mai shiga ɗaki ta kwana a bango. Gidajen da ake yi wa manyan gilasai ta yamma, masu su kan ƙare da rufe su da labule mai kauri dare da rana, an dawo gidan jiya ke nan, ga asarar kuɗi. Tagar da muka faɗaɗa ita ce ta kicin, don arewa take kallo. Kano na kan wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka da hunturu rana kan karkata kudu, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma ta ɗan leƙo ta arewa, amma a lokacin tana can sama, bakin rufi ya isa ya tare ta. Ke nan tagar arewa haske take bayarwa mai laushi kusan duk shekara.

Fasa bango ba a yin sa da garaje. Sai da maginin ya tokare sama da katako, ya zuba sabuwar linta da rodi wadda ta zarce faɗin tagar ta kowane gefe, aka bar ta ta kama, sannan aka sauke bulon ƙasa har tagar ta sauko daidai saman wurin wanke-wanke. Siminti a shekarar ba a cewa komai, tun watan Fabrairu buhu ya taɓa haura naira 10,000, don haka duk abin da ba dole ba na siminti muka yafe shi. Tagogin falo ba mu canza su ba. Luba ce, kuma luba ta fi gilashin turawa shigar da iska, don gaba ɗayanta take buɗewa, shi kuwa rabi. Aka sayo gilasan da suka ɓata, aka wanke sauran, aka sa sabuwar raga, ƙarafan tsaro da ke baƙaƙe aka yi musu farin fentin mai. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne, amma baƙin ƙarfe a gaban haske shi ido ke fara gani, farin kuwa ɓacewa yake yi.

Daga nan sai mai gyaran wuta, don duk abin da zai sa a fasa bango gara a gama shi kafin fenti. Ƙwai ɗaya ne a tsakiyar silin ɗin kicin, ma'ana duk inda kika tsaya kina yanka albasa, inuwarki ce a kan wuƙar. Na sa ya ja waya zuwa ƙarƙashin kabet ɗin sama ya sa doguwar fitila siririya, ya ƙara wata a saman murhun gas. A falo, maimakon tsohuwar fitila mai rassa da ke tara ƙura, aka rarraba ƙananan ƙwayaye a kusurwoyi, da makunni biyu, yadda ba dole sai an kunna duka ba.

Wurin sayen ƙwayayen, a titin Faransa da ke Sabon Gari, na tsaya na duba kwalayen da kyau. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, wajen lumen 800. Akwai kuma wata lamba da yawancin masu saye ba sa kallo, mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne fari fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ya cika kasuwa. Mai 3000K ja-ja ne irin na ƙwan da. Mai 4000K yana tsakani. Na ɗauki na tsakanin na kai kicin, don a ƙarƙashinsa launin miya da na nama na fitowa yadda suke, falo kuma na sa mai 3000K, saboda farin fat ɗin nan in ya haɗu da farin bango sai falo ya koma kamar ɗakin jiran asibiti. Na tsakanin ya yi wahalar samu, sai da mai shagon ya aika yaro wani shagon. Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, kowa ya koma lissafin wat, mu da ke kan ƙaramar sola da daddare kuwa dama lissafin ya zame mana jiki.

Silin ɗin gidan na asbestos ne, irin fale-falen nan masu murabba'i da aka yi yayi. Mutane da yawa sun ce a sauke shi a yi fi-o-fi. Mun bar shi. Asbestos in yana zaune lafiya bai fashe ba, barinsa ya fi, haɗarinsa yana cikin ƙurarsa ne in an fasa shi ko an goge shi da samfefa, ita ce ke shiga huhu ta yi illa bayan shekaru. Na gaya wa mai fenti kada a kankare shi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma kawai a shafa fenti. Akwai wata taswirar yoyo a kusurwa, sai da kafinta ya hau rufi ya canza kwanon da ya huje, sannan aka fara shafe tabon da fentin mai, don in ruwan fenti aka ɗora masa kai tsaye, tabon sake fitowa yake yi.

Wankin bangon kicin ni da ƙanwata muka yi shi, don babu ma'aikacin da zai tsaya ya yi shi yadda ya kamata. Ruwan zafi, omo, da soson waya. Maiƙon manja da na man gyaɗa da ya haɗu da hayaƙi ya zama wani abu mai danƙo, in kika goga sai ruwa ruwan ƙasa ya gangaro miki har gwiwar hannu. A saman ƙofa, inda hannu ba ya kaiwa, kunkunniya ce ta yi kauri har ana ɓamɓaro ta da bayan cokali. Fenti ba ya zama a kan maiƙo, ko nawa aka saye shi. A kwanakin nan girki ya koma tsakar gida a kan kurfoti, firji na cikin ɗakin yara, tukwane a baranda, kowa na tambayata ina ludayi. Hajiya ce kaɗai ta ji daɗin abin, ta ce tuwon gawayi ya fi.

A falo matsalar fentin man nan ne na ƙasa. Yana da santsi, ruwan fenti ba ya kama shi, sai an kashe masa sheƙi an sa fentin ƙasa tukuna. Tsofaffin fentin mai wasu na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙananan yara, shi ya sa aka jiƙa bangon ana gogawa don kada ƙura ta tashi, yaran kuma na tura su gidan yayata har aka share aka wanke. Gindin bango ta gefen banɗaki ya yi farin gishiri yana marmashewa, aka kankare har bulo, aka gano bututu ne ke tsiyaya ta baya, aka gyara shi, aka sake filasta. Bayan nan aka yi sikiridin, bangon ya yi sumul.

Launi kuwa, ban yarda da ɗan katin da ake nunawa a shago ba. Na sa aka shafa kala uku a manyan kwalaye, ina jingina su a bango daban-daban safe da yamma. Fari fat ya fi kowanne haske, amma ƙurar Kano ja ce, kuma a kan fari fat take fi nunawa. Ruwan madara mai duhu ya koma ruwan ƙwai da daddare, abin da muke gudu. Muka tsaya a kan fari mai ɗan ɗigon madara, silin kuma fari tas. A falo da kicin duka mai ɗan sheƙi muka saya, wanda ake iya gogewa da tsumma, ya fi tsada amma gida mai yara ba shi da zaɓi. A Ƙofar Ruwa muka sayo, bokiti mai lita 20, Abban yara ya duba murfin kowanne ya tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba.

Dattijon nan mai fenti yana da wani yaro mai saurin hannu da na lura yana tsinka fentin da ruwa fiye da kima, don rola ta riƙa gudu ya tashi da wuri. Makubar ƙasa sai leƙowa take ta cikin farin. Ban yi wa yaron magana ba, na sami maigidansa na ce, "Malam, a duba mini bangon nan, kamar yana jin ƙishirwa." Ya taɓa bokitin da sanda, ya ga yadda yake zuba, ya juya ya yi wa yaron faɗan da ni kaina sai da na ba shi haƙuri. Aka ƙara shafi ɗaya a gefen.

Da aka naɗe kafet, abin da ya fito ƙarƙashinsa sai da ya sa na toshe hanci, ƙura ce lallausa da ta kusa cika bokiti. Amma a ƙarƙashin ƙurar tarazo ne, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi da ruwan toka, lafiyarsa lau. Da tayil muka yi niyyar sawa. Muka fasa, aka kira masu injin goge tarazo, suka wanke shi da dutse da ruwa har ya dawo yana ɗaukar ido. Kuɗin tayil ɗin sai ya tafi kicin, aka manna farare masu sheƙi daga saman kanta zuwa ƙarƙashin kabet, da bayan murhu har sama. Kabet ɗin kicin katakon gaske ne, ba irin allon garin katakon nan da ke kumbura in ya sha ruwa ba, don haka ƙofofin kawai aka cire aka goge aka fesa musu ruwan toka mai haske, aka canza marikai. Kafintan ya so ya cire ƙofofin sama ya bar kantoci a buɗe, wai haka ake yayi. Na ce masa yayin ƙasar da ba hunturu ke nan. An huda bango an sa ƙaramar fanka mai zuƙe hayaƙi, tukunyar gas kuma aka fitar da ita waje cikin ɗan kejin ƙarfe, aka shigo da bututu.

Labule a Kantin Kwari na yanko. Ninki biyu na sake yi, amma ba irin na da ba: na ciki fari shara-shara wanda ke sake duk rana, na waje mai ɗan kauri ruwan toka. Shara-sharan da rana yana hana na waje ganin ciki, amma da zarar an kunna fitila da magariba abin juyawa yake, na waje ke ganin komai, don haka mai kaurin dole ne a gidan da maza baƙi ke shigowa tsakar gida. Na sa aka yi sandar labulen ta zarce taga da kamar taƙi ɗaya da rabi kowane gefe, yadda in an zuge shi bango yake rufewa, ba gilashi ba. Kujerun ba mu da kuɗin canza su, aka ɗinka musu riguna masu haske da ake cirewa a wanke.

Hunturu na shigowa aikin ya gamu da gwajinsa. Hasken yana nan, ko ranar da hazo ya rufe gari ba ma kunna ƙwai a falo sai magariba ta gabato, kicin kuma tun daga sallar asuba in gari ya waye. Sai dai gida mai haske ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙurar da kafet ke haɗiyewa a da yanzu a fili take kwanciya, shara da goge-goge sun zama safe da yamma. Tarazo da asuba sanyi gare shi, Hajiya ta yi ƙorafin ƙafafunta, muka shimfiɗa darduma a tsakiya wadda ake iya fitarwa a kakkaɓe. Sawun hannun ƙaramin ɗana ya jeru a bango daidai tsayinsa, daga ƙofar kicin zuwa makunnin fanka, abin da ya sa ragowar fentin na zuba shi a galan na rufe da leda na rubuta sunan kalar a jiki. Tagar yamma har yanzu a rufe take daga la'asar in bazara ta yi, mun dasa zogale a bayanta muna jira ya yi tsawo. Katangar kudu kuma damina ɗaya ta isa ta zana mata baƙaƙen layuka daga sama, mai fentin ya ce sai an ɗora mata hular siminti mai ɗan baki da zai riƙa zubar da ruwa nesa da jikinta, in ba haka ba duk shekara sai an sake shafawa. Abban yara ya ce a bari siminti ya sauko tukuna.